Sharhi: Rinjayen jama'a da rufin asiri, daga Sharaɗa zuwa Singafo

A ƙarshen watan Maris na 2025 hukumomin mulkin sojan Jamhuriyar Nijar suka wallafa sabon kundin da ƙasar za ta yi aiki da shi a madadin tsarin mulki. A cikinsa aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, aka kuma mayar da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki.

Labarin ya faranta wa mutane da dama rai a Kano, har wasu suka riƙa tambayar dalilin da ya sa Najeriya, inda Hausawa suka fi yawa a duniya, ba ta taɓa yi wa harshen irin wannan karamci ba. Iyakar abin da sashe na 55 na tsarin mulkin 1999 ya tanada shi ne, za a gudanar da harkokin majalisar dokoki ta ƙasa da Ingilishi, sannan da Hausa da Ibo da Yarbanci idan an yi shirin da ya kamata. Fiye da shekara 25 ke nan ba a kammala wannan shiri ba.

To amma a tsallaken iyaka, mutumin Maraɗi ko na Damagaram shi ma yana da tasa tambayar. Abin da ya daɗe yana hange a Kano shi ne unguwannin masana'antu na Bompai da Sharaɗa da Challawa, inda ake dafa roba, ake jeme fata, ake saƙa yadi, ake tatsar man gyaɗa. Ƙasarsa, wadda Hausawa suka haura rabin al'ummarta, ba ta taɓa mallakar ko kwatankwacin ɗaya daga cikinsu ba.

Wato dai kowane ɓangare yana auna kansa da abin da yake ganin ɗan'uwansa ya fi shi. Idan aka ƙara da Hausawan zango a Ghana da na Sudan, waɗanda su tsiraru ne a inda suke, sai muhawarar ta ƙara faɗi: shin wa aka fi kyautatawa, wanda ke da rinjaye a gida, ko wanda ke zaune cikin wasu?

Hausawa ba su ne suka fara wannan gardama ba. Akwai wata al'ummar Musulmi a kudu maso gabashin Asiya da ta kwashe shekara 60 tana yin ta a bainar jama'a, har da alƙaluma da kiran jakadu. Duba yadda tasu ta kaya zai taimaka wajen fahimtar tamu.

Gada ɗaya, ma'auni biyu

'Yan ƙabilar Malay su ne masu rinjaye a Malesiya. Su da sauran ƙabilun da ake ɗauka 'yan asalin ƙasa, waɗanda a dunƙule ake kira Bumiputera, sun kai kusan kashi 70 cikin 100 na 'yan ƙasar. A Singafo kuwa, tsibirin da aka raba da Malesiya ranar 9 ga watan Agustan 1965, Malayawa ba su wuce kimanin kashi 13 cikin 100 ba, yayin da Sinawa suka kai kusan kashi uku cikin huɗu. Gada ce kawai, mai tsawon kilomita ɗaya da 'yan kai, ta raba dangin juna.

A Malesiya, sashe na 153 na tsarin mulki ya ba Malayawa matsayi na musamman a aikin gwamnati da guraben karatu da lasisin kasuwanci. Bayan tarzomar ƙabilanci ta 13 ga watan Mayun 1969 a Kuala Lumpur, wadda hukuma ta ce ta ci rayuka 196, gwamnatin Tun Abdul Razak ta ɓullo da sabon tsarin tattalin arziki a 1971. A lokacin, abin da Malayawa suka mallaka na hannayen jarin kamfanoni bai kai kashi 3 cikin 100 ba. Aka sa burin kai shi kashi 30 kafin 1990. Da wa'adin ya cika, an tsaya ne a kusa da kashi 19.

Singafo ba ta ba su irin wannan gata ba. Tsarin mulkinta ya amince cewa su ne 'yan asalin tsibirin, harshensu ne harshen ƙasa, da shi ake rera taken ƙasa, kuma hoton shugaban ƙasar na farko, Yusof Ishak, wanda Bamalaye ne, shi ke jikin takardun kuɗi. Amma gurbin jami'a da na aiki, in ji hukuma, sai wanda ya cancanta.

A watan Janairun 2001 abin ya fito fili. Bayan jaridun Malesiya sun yi ta rubuta cewa an mayar da Malayawan Singafo saniyar ware, Firayim Ministan tsibirin na lokacin, Goh Chok Tong, ya fito da alƙaluman da ya ce sun nuna cewa a fannin ilmi da aiki da mallakar muhalli, Malayawan ƙasarsa sun fi na Malesiya. Gwamnatin Malesiya ta kira jakadan Singafo ta nuna masa ɓacin ranta.

Abin lura shi ne, kowane ɓangare yana da gaskiya a bisa ma'aunin da ya zaɓa. Har zuwa 1973 dalar Singafo da kuɗin Malesiya darajarsu ɗaya, amma a 2024 dala ɗaya ta kai ringit uku da rabi, kuma mutane fiye da 300,000 ke bi ta kan wannan gada a kowace rana, galibinsu daga Malesiya zuwa neman abinci a tsibirin. A ɗaya hannun, sai a 2009 aka sami Bamalaye na farko da ya kai muƙamin birgediya janar a sojan Singafo. A 2002 an dakatar da wasu 'yan mata 'yan firamare saboda sun sa ɗankwali a makaranta, kuma sai a watan Nuwamban 2021 aka yarje wa ma'aikatan jinya Musulmi su rufe kansu a bakin aiki. Halimah Yacob ta yi shugabar ƙasa daga 2017 zuwa 2023, amma muƙami ne da ba shi da ikon zartarwa, kuma ta hau shi ne ba hamayya bayan an keɓe zaɓen wannan karo ga Malayawa.

Akwai kuma rukuni na uku, wanda labarinsa ya fi ɗaci. Yarjejeniyar da Ingila ta ƙulla da masarautar Siyam a 1909 ta bar tsohuwar daular Musulunci ta Pattani a cikin ƙasar da yanzu ake kira Tailan. Tun da rikici ya sake ɓarkewa a lardunan Pattani da Yala da Narathiwat a 2004, mutane fiye da 7,000 sun mutu. A garin Tak Bai, ranar 25 ga watan Oktoban wannan shekara, masu zanga-zanga 85 suka rasu, 78 daga cikinsu sun shaƙe ne a cikin motocin soja da aka jibge su kamar buhuna. Wa'adin shari'ar ya ƙare a watan Oktoban 2024 ba tare da an hukunta kowa ba. Ga Bamalayen Pattani, gardamar da ake yi tsakanin Kuala Lumpur da Singafo gardama ce ta waɗanda suka ƙoshi.

Wa ke da Bompai?

Idan aka dawo gida, babu wanda zai ce Bahaushe tsiraru ne a Kano. Sarauta tasa ce, gwamnati tasa ce, kasuwar Kwari da ta Singa da ta Dawanau duk da harshensa ake ciniki. Birnin ya ba Najeriya shugabanni biyu, Janar Murtala Muhammad da Janar Sani Abacha. Ta fuskar mulki da martaba, matsayinsa ya fi kama da na Bamalayen Malesiya.

Amma shiga unguwannin masana'antu yana nuna wani hoto dabam.

Bompai ce babba, domin tun zamanin Turawa aka keɓe ta, lokacin da dalar gyaɗa ke tsaye a Kano, kuma kamfanonin farko da suka zauna a cikinta na tatsar mai ne da sarrafa fata da makamantansu. Sharaɗa, mai kashi uku, da Challawa, da ke gefen kogin da ta ari sunansa, sun bunƙasa ne bayan ƙirƙiro jihar Kano a 1967, musamman a shekarun 1970 da kuɗin man fetur ya shigo. Zuwa farkon shekarun 1980 masana'antu ɗaruruwa ne ke aiki a birnin, kuma in ban da Legas babu garin da ya kai shi.

Tun daga farko, kaso mai yawa na waɗannan kamfanoni na baƙi ne: 'yan Lebanon, waɗanda Kanawa ke kira Kwarori, da Turawa da Indiyawa da Sinawan Hong Kong. Najeriya ta yi yunƙurin sauya haka kusan a daidai lokacin da Malesiya ta yi nata. Dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1972, ta zamanin Janar Yakubu Gowon, ta keɓe wasu sana'o'i ga 'yan Najeriya zalla, ta kuma tilasta wa wasu kamfanonin sayar da kashi 40 cikin 100 na hannayen jarinsu. Ta 1977, a zamanin Janar Obasanjo, ta ƙara tsanantawa, ta kasa kamfanoni gida uku: na kashi 100, da na 60, da na 40.

Bambancin shi ne, dokar Malesiya ta fifita wata ƙabila ce a kan sauran 'yan ƙasa, ta Najeriya kuwa ta fifita ɗan ƙasa ne a kan baƙo. Amma cutar da ta kama su iri ɗaya ce. A Malesiya har suna aka raɗa mata, wato Ali Baba: Ali Bamalaye shi ke riƙe da lasisi, Baba Basine shi ke juya kamfani. A Kano ma an ga yadda aka riƙa rubuta sunan wani attajiri, ko ma wani amintaccen ma'aikaci, a matsayin shugaban hukumar daraktoci, alhali makullin sito da littafin lissafi suna inda suke tun da.

Wannan ba ya nufin ba a sami 'yan gida da suka kafa nasu da gaske ba. Gidan Dantata ya shiga harkar masaƙa tun kafin 'yancin kai. Alhaji Isyaku Rabi'u ya kafa masaƙar Bagauda, Alhaji Nababa Badamasi ya kafa ta Gaskiya, wadda a zamaninta tana cikin manyan masaƙun da ɗan ƙasa ya mallaka. Sai dai waɗannan 'yan ƙalilan ne, kuma akasarin attajiran birnin sun ci gaba da fifita fatauci, wanda ribarsa ke dawowa cikin wata uku, a kan inji, wanda sai an yi shekaru kafin ya mayar da uwar kuɗi.

A nan ne hanyar Malesiya da ta Najeriya suka rabu, kuma ba a kan rabon hannun jari suka rabu ba. A 1972, shekarar da Gowon ya sa hannu a dokarsa, jihar Penang ta buɗe yankin ciniki marar haraji na Bayan Lepas, kamfanin Intel na Amurka ya kafa masana'anta a can, wasu suka biyo baya. Aka cika makarantun kwana da jami'o'i da 'ya'yan manoma, aka tura dubbai karatu waje, aka tabbatar wuta ba ta ɗaukewa. Talauci, wanda ya shafi kusan rabin gidajen ƙasar a 1970, ya sauko ƙasa da kashi 20 cikin 100 a 1990. An yi almundahana, kuma ba ƙarama ba: tsohon Firayim Minista Najib Razak ya shiga kurkuku a 2022 a kan badaƙalar asusun 1MDB. Duk da haka, ɗan ƙauyen da ya tashi a gonar shinkafa ya sami masana'antar da zai shiga da takardar shaidar da zai nuna.

A Kano, abin da ya biyo baya sananne ne ga duk wanda ya haura shekara 40. Shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyaran injuna suka gagara saye. A 1995 aka soke dokokin mallakar kamfanoni baki ɗaya, Najeriya ta shiga ƙungiyar ciniki ta duniya, kuma a 1997 aka ɗage haramcin shigo da yadi. Atamfar Sin ta cika Kantin Kwari. Baƙin mai da tukwanen masaƙu ke ci ya yi wuya, wutar NEPA ta zama sai an ga dama. Masaƙu suka rufe ɗaya bayan ɗaya, har da Gaskiya da Bagauda. Hare-haren ranar 20 ga watan Janairun 2012, da suka hallaka aƙalla mutum 185, ciki har da wanda aka kai hedkwatar 'yan sanda da ke Bompai, sun ƙara korar masu zuba jari. Da yawa daga cikin gine-ginen sun koma sito na ajiye kayan da aka shigo da su daga waje.

Waɗanda suka rage suna fama. An cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka saki naira ta nema wa kanta daraja a watan Yuni, sannan a watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wuta na rukunin da ake kira Band A daga kimanin naira 68 zuwa naira 225 a kan kowane ma'auni. Masana'antu na cikin waɗanda ƙarin ya fi shafa.

Shi kuma lebura, wanda a mafi yawan lokuta ɗan gari ne ko ɗan ƙauyukan kewaye, galibi ta hannun ɗan kwangila ake ɗaukarsa, ba takardar kama aiki, ba fansho. A watan Yunin 2020 'yan sanda suka buɗe wani kamfanin sarrafa shinkafa a Challawa suka fito da ma'aikata fiye da 100 da suka ce an kulle su a ciki tsawon watanni da sunan gudun cutar korona. Ƙauyukan da ke gaɓar kogin Challawa kuma sun daɗe suna kuka da ruwan majemu da ake sako musu. Duk wannan yana faruwa ne a garin da mutumin ke da rinjaye, ƙarƙashin hukumomin da 'yan'uwansa ke shugabanta.

Zai zama rashin adalci a ɗora laifin a kan baƙin. Iyalan Kwarori da dama sun haura shekara 100 a Kano, 'ya'yansu 'yan ƙasa ne, wasunsu sun fi wasu Kanawan iya karin magana, kuma suna cikin waɗanda suka ci gaba da kunna janareta lokacin da wasu 'yan gida suka sayar da filayen masana'antunsu. Wanda bai kawo wuta ba, bai sa ido a kan dokar ƙwadago ba, bai gina makarantar koyon sana'a ba, ba daga Beirut ya zo ba. Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa na 2022 sun nuna mutum miliyan 133 ne ke cikin talauci ta fuskoki daban-daban, kuma kashi 65 cikin 100 nasu a arewa suke.

Hange daga Maraɗi

Kamar yadda yarjejeniyar 1909 ta raba Malayawa, haka yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na tsakanin 1898 da 1906 suka raba ƙasar Hausa. Sarkin Maraɗi har yau Sarkin Katsina ake ce masa, domin zuriyar sarakunan da suka bar Katsina ne bayan jihadi.

Tarihin Hausawan Nijar ya nuna cewa yawa ba ya nufin mulki. A 1926 Faransawa suka ɗauke babban birni daga Damagaram suka kai Yamai, a yankin Zabarmawa, inda suka fi ɗibar ma'aikata da sojoji. Jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary, wadda ke da ƙarfi a yankunan Hausa kuma take da zumunci da NEPU ta Malam Aminu Kano, an haramta ta a 1959. Daga 1960 zuwa 1993, shugabannin ƙasar uku, Diori Hamani da Seyni Kountché da Ali Saibou, duk daga yamma suka fito. Sai a zaɓen 1993 ne ɗan Damagaram, Mahamane Ousmane, ya hau mulki.

A tsawon waɗannan shekaru, Bahaushen Nijar ya bar wa wasu ofis ya kama kasuwa, kuma kasuwarsa Najeriya ce. A farkon shekarun 1980 naira ɗaya tana sayen fiye da sefa 300 a farashin hukuma. Da an gama girbi sai matasa su gangaro ci-rani, wasu garuwa, wasu shayi, wasu gadi a ƙofofin kamfanonin Bompai da Sharaɗa, wasu dako a cikinsu. Takalmin roba da bokiti da tabarmar leda da alewa da sabulun da ake sayarwa a kasuwannin Maraɗi da Tawa da Agadas, da yawansu daga waɗannan unguwanni suka fito.

Amma an sha tuna masa cewa harshe ɗaya ba ƙasa ɗaya ba ne. Korar baƙin haure da gwamnatin Shagari ta yi a watan Janairun 1983 ba 'yan Ghana kaɗai ta shafa ba. A watan Afrilun 1984 gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakoki a daidai lokacin da fari ya cinye amfanin gona, abin da ya sa har yau a ƙauyukan Nijar ana kiran yunwar wannan shekara El-Buhari. An sake rufe iyakar daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga watan Yulin 2023 kuma, Najeriya ta bi umarnin ƙungiyar ECOWAS ta rufe iyaka, ta kuma yanke wutar lantarkin da ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da Nijar ke amfani da shi. Sai a watan Maris na 2024 aka buɗe. A wannan karon, masu masana'antu da 'yan kasuwar Kano na cikin waɗanda suka fi ɗaga murya, domin kayansu ne suka maƙale a Jibiya da Maigatari da Kwangwalam.

Akwai wani ɓangare na wannan dangantaka da ba a cika son faɗa ba. Yadin da ya durƙusar da masaƙun Kano, mai yawa daga cikinsa ta tashar jiragen ruwan Kwatano ya sauka, ya ratsa ta Nijar a matsayin kayan wucewa, gwamnatin Yamai ta karɓi harajinta, alhazan Maraɗi suka ci ribarsu, sannan ya tsallako ta ɓarauniyar hanya zuwa hannun 'yan Kwari. Daga mai sito a Maraɗi har mai shago a Kano har masaƙin da ya rasa aikinsa a Sharaɗa, duk Hausa suke ji.

Yanzu ma'aunin kuɗi ya juya. A 2024 da 2025 jika guda ta sefa ta haura naira 2,000. Mafi ƙarancin albashi a Nijar, wanda aka ɗaga zuwa jika 42 a farkon 2024, idan aka canza shi ya zarce naira 71,000 da gwamnatin Kano ta amince da shi a wannan shekara. Ɗan ci-ranin da a da yake komawa gida da keke da rediyo, yau sai ya yi lissafi kafin ya taso.

Sai dai hangen Dala ba shiga birni ba ne. Waɗanda ke karɓar albashi a rubuce a Nijar 'yan ƙalilan ne ƙwarai, wutar lantarki ba ta kai ga kashi ɗaya cikin huɗu na jama'a ba, kuma in aka cire matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a yankin Damagaram a 2011 da kamfanin siminti na Malbaza, manyan masana'antun ƙasar ba su da yawa. Ayyana Hausa harshen ƙasa bai sauya harshen da ake rubuta jarrabawa da takardun kotu da shi ba dare ɗaya, kuma ya tayar da ƙorafi daga wasu masu magana da sauran harsuna, waɗanda a da duka ake lissafa su a matsayin harsunan ƙasa.

Inda ake zama baƙo

Hausawan Ghana sun san wani abu da na Kano ba su sani ba, wato a wayi gari a ce ka nuna takarda. Ranar 18 ga watan Nuwamban 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da izinin zama mako biyu ya fice. Iyalan da kakanninsu suka zo fataucin goro Salaga da Kumasi tun kafin a san wata ƙasa mai suna Ghana, suka tsinci kansu a manyan motoci. Har yanzu mai sunan Hausa a Nima ko Sabon Zango yakan sha tambayoyi kafin ya sami fasfo.

Duk da haka, zango ya sami wani irin matsayi. Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, wanda aka naɗa babban limamin ƙasar a 1993, ya zama mutumin da Musulmi da Kirista ke girmamawa. A 2017 gwamnatin Nana Akufo-Addo ta kafa asusun raya zango, har da ma'aikata sukutum, ko da yake an rushe ma'aikatar a 2021. Ƙuri'ar zango tana da tsada a ƙasar da ake cin zaɓe da ƙaramar tazara. Mazaunin Nima yana iya ce wa ɗan'uwansa na Kano, ni ba ni da gwamna, amma ina kwana da ido biyu rufe.

A Sudan lamarin ya fi kusa da na Pattani. Hausawa da Fulani sun zauna a gaɓar kogin Nilu tun bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya kafa garin da ke ɗauke da sunansa. Da guminsu aka noma audugar Jazira. Amma a watan Yulin 2022, da suka nemi a ba su sarautar gargajiya ta kansu a jihar Blue Nile, sai aka ce ba su da ƙasa a wurin. Faɗan da ya biyo baya ya ci rayuka fiye da 100, na watan Oktoba kuma ya fi shi muni.

Ba sai an tsallaka iyaka ba ma. Takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, wadda ke hana Bahaushen da aka haifa a Jos wasu haƙƙoƙi, ita ce dai ke hana Ibon da aka haifa a Sabon Gari gurbin karatu ko aikin gwamnati a Kano, ko da kuwa shi ne makanikin da ya shekara 30 yana tayar da injunan Bompai. Masu kukan abin da aka yi wa Hausawa a kasuwar Shasha ta Ibadan a 2021, ko kisan mafarauta 16 a Uromi a watan Maris na 2025, kukansu na kan hanya. Amma Sinawa da Indiyawan Malesiya ma, waɗanda dubbansu suka ƙaura Singafo saboda an rufe musu ƙofar jami'a, suna da abin cewa game da yadda mai rinjaye ke riƙe na ƙasa da shi.

Ayyuka biyu ne masu masana'antun Kano suka fi zuba wa ido. Na farko shi ne bututun iskar gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajakuta zuwa Kaduna da Kano, wanda aka ƙaddamar a watan Yunin 2020, kuma ake fatan zai sauƙaƙa wa Challawa da Sharaɗa tsadar makamashi. Na biyu shi ne layin dogo mai kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021. Zuwa ƙarshen 2025 babu ɗayansu da ya fara aiki, kuma tun ranar 29 ga watan Janairun wannan shekarar Nijar ta fice daga ECOWAS, ƙungiyar da yarjejeniyarta ce ta ba kayan da aka ƙera a Sharaɗa damar shiga Maraɗi ba tare da kuɗin fito ba.